Burtun da Ya Yi Tari

Malamanmu na zaure, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, sun kasa jahilci kashi biyu: akwai basiɗi, wato na wanda bai sani ba ya kuma san bai sani ba, wanda maganinsa tambaya ce kawai, akwai kuma murakkabi, wato na wanda bai sani ba bai kuma san bai sani ba, shi kuwa ba ya jin magani sai duniya ta kwantar da mai shi ta yi masa sakiya da hannunta. Na karanta wannan mas'ala tun ina saurayi, na kuma sha karantar da ita, amma ban san haƙiƙaninta ba sai da na haura shekara sittin, ranar da gari ya waye mini a zauren mai unguwa a nan Akurba, rawani a wuya, takalmi ƙafa ɗaya, ana tuhumata da satar irin doya, alhali kuwa abin da ya fitar da ni daga gida wani ɗan tsuntsu ne wanda ko miya ba zai yi wa mutum biyu ba.

Asalin al'amarin shi ne, da na cika shekara 35 ina koyarwa a makarantun firamare daga wannan ƙauye zuwa wancan, tun muna cikin Jihar Filato har aka yanke mana Nasarawa a 1996 Lafia ta zama babban birni, sai aka sallame ni da takardar yabo da alkawarin fansho, na kwashe iyalina na tare a ɗan gidan da na gina a Akurba, gefen hanyar da ta fita daga Lafia ta nufi Shendam. To, mutumin da ya saba da ƙararrawa da rajista da bulala, in aka ce ya zauna gida ya huta, mutanen gidan ne za su rasa hutu; gama kafin wata uku na ƙidaya cokulan gidan na rubuta, na yanka wa kaji lokacin fita da na komawa akurki, har na soma gyara wa mai tallar koko nahawu.

Ana cikin haka sai ɗan ƙanwata ya zo mana hutu daga Jos, inda yake karatu a cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum. Uwargida ta kai masa ƙarata a ɓoye, abin da ban sani ba sai bayan da mai aukuwa ta auku, shi kuwa ranar da zai koma ya ajiye mini madubin hangen nesa mai ido biyu da wani littafin Turanci mai kauri, cike da hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma, ya ce, "Kawu, ƙasar nan tamu tana da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma akwai garuruwa da yawa da ba a rubuta abin da ke cikinsu ba. Duk wanda ka gani ka dubi girmansa da launinsa, da siffar bakinsa da ƙafarsa da wutsiyarsa, ka saurari kukansa, ka lura da yadda yake tashi da abin da yake ci, ka rubuta rana da wuri. Abin da ya shige maka duhu kuwa ka tambayi manoma da makiyaya da maharba, don sun riga littafin nan sani." Na karɓi nasihar duka da hannu biyu, ban da ta ƙarshen, wadda na bar masa nan kan tabarma, domin ban ga yadda hedimasta, wanda ya yaye ɗalibai har wasunsu sun zama alƙalai, zai durƙusa gaban mai fartanya yana tambayar sunan tsuntsu ba.

A daren nan ban runtsa ba. Na tuna Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka sanar da shi maganar tsuntsaye, ya kuma binciki rundunarsu har ya gane alhudahuda ba ya nan, na ce ashe sanin wanda ya halarta da wanda ya yi fashi a cikinsu aiki ne mai asali. Na tuna Shaihu Damiri mutumin Masar, wanda ya rasu a 1405, mai littafin Hayatul Hayawan, da ya jera dabbobi da tsuntsaye bisa tsarin baƙaƙe, ya kawo siffar kowane da hukuncin cin namansa da fassarar ganinsa a mafarki. Daga nan sai Shaiɗan, Allah ya tsare mu daga sharrinsa, ya shigo ta ƙofar da ya saba shigo wa malamai, wato ujubu. Ya tuna mini yaron nan ya ce a 1998, jiya-jiyan nan, masana suka bayyana wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun Jos wanda ba a taɓa shigar da shi littafi ba, ya kuma ce shamuwar nan tamu da kakanninmu suka sani tun fil'azal, a littattafan Turawa sunan wani gwamnan Turkawa na ƙasar Sudan mai suna Abdim take ɗauke da shi. Na ce in dai haka ake rabon suna, me zai hana Akurba ta sami nata tsuntsun, ni kuma sunana ya shiga Latin? Kafin asuba na yanke kwali na yi wa wani sabon littafin rubutu bango, na raɗa masa suna Kundin Tsuntsayen Akurba.

Farkon aikin ya zo da sauƙin da ya ƙara ruɗa ni. Na rubuta balbela, fara sol, tana bin ƙafar shanu don ta cafke farin da kofato ke tayarwa. Na rarrabe kurciya, ƙarama mai ɗige-ɗigen baƙi a jan ƙirji, da hasbiya, wadda ta fi ta girma, mai jar fata kewaye da ido da farin zane a fikafikai. Na gane shirwa tun daga nesa da wutsiyarta mai baki biyu kamar ta kifi. Na bi cilakowa da ido tana tafiyarta ta sama da ƙasa, ta kaɗa fikafikai ta hau, ta sake su ta gangaro, sai ka ce mai hawan tudu da kwari a cikin iska. Na kuma sami ragon maza a cikin shingen gidana, baƙin kai, jajayen fikafikai, jan ido, ba ya tashi sai ya zama tilas, kukansa kamar ana tuttular da ruwa daga gora. Da na karanta wa uwargida siffarsa da ɗabi'unsa, sai ta ce, "Allah sarki, Malam, ashe kana da ɗan'uwa a unguwar nan." Ranar da ta same ni kuma na ɗora madubi a ido ina duban hankakan da ke kan katangarmu, wanda tsakanina da shi bai fi kamu goma ba, cewa ta yi, "Malam, hankakan ma sai da tabarau?" Ban tanka ba, don na san tun da can masu ilimi ba su cika samun daraja a gidajensu ba.

A waje kuwa daraja har ta yi yawa. Mutanen da a da sallama kaɗai ke haɗa mu suka riƙa tsayar da babur suna gaishe ni har ƙasa. Wannan ya aiko da doya biyar, wancan da zakara, wani da kwanon riɗi, kowa kuma in ya gan ni na doshi gonarsa sai ya sheƙo ya nuna mini iyakarta gabas da yamma, yana ƙirga mini itatuwan mangwaro da kashu, har da waɗanda na tabbata makon jiya babu su a wurin. Na ɗauka ƙaunar ilimi ce ta sauka a zukatan jama'a, na yi hamdala, na ci doya. Abin da ban sani ba, mutanen Akurba sun ga aikin safiyo da idonsu tun lokacin da ake gina babbar tashar wutar lantarkin nan da aka ƙaddamar a 2022, sun kuma haƙiƙance cewa duk inda mutum ya tsaya da madubi da littafi yana dube-dube yana rubutu, to, maganar fili da diyya tana nan tafe.

Gargaɗi na farko ya zo mini daga bakin yaro, ban kuwa ji ba. A ƙarshen damina na ƙidaya mulufi masu yawa a fadamar shinkafa, jajaye wur da baƙin ciki da baƙar hula, suna kumbura gashi a kan ciyawa kamar garwashi a kan tsinke. Da sanyi ya shigo na koma, ko ɗaya babu, sai wasu ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa da zane-zane, waɗanda na buɗe musu sabon shafi a matsayin wani iri dabam. Na zauna gindin ɗorawa ina tsara takardar kuka zuwa ga hukuma cewa maganin feshi ya ƙarar da mulufin Akurba ƙaƙaf, har na kai wurin da ya kamata mai karatu ya zub da hawaye, sai wani yaro ɗan Fulani da ke kiwo a wurin ya leƙo ya tambayi abin da ya same ni. Da na gaya masa sai ya nuna tsuntsayen nan masu launin ƙasa da sandarsa ya ce, "Baba, ai ga su nan gabanka, riga suka tuɓe. In ruwa ya dawo mazan za su mai da jar." Na buɗe littafi don in ƙaryata shi da hujja, sai ga ɗan hoto a kusurwar shafi, wanda na sha tsallakewa saboda rashin kyansa, yana gaskata yaron kalma da kalma. Na yage takardar kuka, na ce wa yaron dama jarraba shi nake yi.

Mai hankali da nan zai tsaya ya yi wa kansa hisabi. Ni kuwa sai na ƙudura cewa ƙananan tsuntsaye ne ba su dace da matsayina ba, manya ya kamata in nema. Saboda haka wata Laraba cikin watan Janairu, hunturu ya busa, an ƙone daji, shirwa sun cika sama suna wawar farin da wuta ta kora, na yi sammako na yi nisa da gari ƙwarai, na bi gefen wani rafi da ya ƙafe, har na iso wani fili inda wuta ta ci rabi ta bar rabi. Ina ɗora madubi sai gabana ya faɗi, domin can cikin sauran ciyawa ga wani baƙin kai mai dogon baki da ƙoƙo a bisa goshi yana sunkuyawa yana ɗagowa. Burtu! Na buɗe littafi hannu na rawa: baƙin tsuntsu ne mai girman talo-talo, mai farin gashi a bakin fikafikai wanda ba a gani sai ya tashi, namiji da ja da shuɗi a maƙogwaro, mace shuɗi zalla, yana da gashin ido zara-zara, yana cin ƙadangaru da macizai da fara, yawanci biyu-biyu suke kiwo, kukansu da asuba kamar ana buga ganga a nesa. Na ce Allahu Akbar, yau kundi ya yi baƙo.

Na kwanta rub da ciki, ni da ko ruku'u sai na dafa gwiwa, na riƙa jan jiki ina binsa ina rubutu, kuma ga abin da na rubuta, don kundin yana nan gabana. Na ɗaya, shi kaɗai yake kiwo, saɓanin abin da littafi ya faɗa. Na biyu, kansa yana da jajayen ɗigo a jere reras kamar an ɗinka, abin da babu a hoto. Na uku, yana saran ƙasa amma ba ya haɗiyar komai, alamar zuhudu ko azumin nafila. Na huɗu, tun da na soma dubansa bai ƙifta ido ba. Na biyar, bayansa ya fi na littafi faɗi ninki uku, ƙafafunsa kuwa ciyawa ta rufe. Da na haɗa waɗannan dalilai biyar na yi ƙiyasi, sai natija ta fito fili cewa wannan ba burtun da Turawa suka sani ba ne, sabon iri ne wanda Allah ya ɓoye shi tun halittar duniya ya ajiye wa hedimasta mai ritaya. Ina cikin tunanin yadda sunana zai zauna a Latin sai tsuntsun ya tsaya cik, ya noƙe, ya yi tari. Na rantse da wanda raina ke hannunsa tari ya yi, sau biyu, a hankali, irin na mai ƙoƙarin dannewa. Na rubuta na shida: kukansa bai yi kama da ganga ba, ya fi kama da tarin dattijo mai shan taba gari.

Ashe duk jan cikin nan da nake yi ta cikin karara nake ratsawa, wadda duk wanda ya taɓa shiga dajin ƙasar Lafia da rani ya san ƙaiƙayinta ba ya jin salati. Na daure iyakar dauriya saboda ilimi, har abin ya kai wuya da hammata, sa'an nan na zabura tsaye na kurma ihu ina tuɓe riga. Nan take wani garken zabin daji, wanda ban ma lura da shi ba, ya tashi fir daga gaban burtun ya bazu. Burtun ya juyo ya dube ni da idon nan da ba ya ƙiftawa, ya ja wani dogon tsaki, ya sulale cikin kwari ya ɓace. Ina susa da hannun hagu na rubuta na bakwai da na dama: idan ya fusata yana tsaki. Da na isa gida, bayan uwargida ta shafe ni da manja da toka tana dariyar da ta ce tari ne ita ma, na aika wa ɗan ƙanwata bushara. Amsarsa ta zo da ladabi: "Kawu, ka ga ƙafafunsa? Ka ga ya tashi sama? Ka tambayi maharban wurin?" Na ce hassada ce irin ta masana, wadda ba ta bar ɗa da kawunsa ba.

Aka yi wata biyu ina neman burtuna ban sake ganinsa ba, har bazara ta kama, manoma suka tayar da kunyoyi suka binne irin doya suka rufa wa kowace kunya hular ciyawa saboda zafin rana. Wata ranar Asabar, na idar da sallar magariba a bakin gona ina komowa, sai wani abu ya gilma a gabana cikin duhu-duhu: tsuntsu ne matsakaici, yana tashi ba ƙara, ga kuma wasu 'yan baƙaƙen abubuwa biyu suna binsa, ɗaya dama ɗaya hagu, ba sa wuce shi ba sa barinsa, in ya juya su juya, in ya sauka su sauka. Na ce wannan kuma sarki ne a cikin tsuntsaye, ga zagage biyu suna yi masa rakiya. In burtu ya kuɓuce mini, wannan ba zai kuɓuce ba. Na kunna tocila, sai ga idanunsa jajaye suna ƙyalli a tsakiyar turba, taku goma daga inda nake. Na lallaɓa har ina jin in na miƙa hannu zan taɓa shi, ya tashi ya sauka taku goma a gaba. Na sake lallaɓawa, ya sake. Haka muka yi ta yi, shi taku goma ni taku goma, kamar masu cinikin da ba a son a sallama, har aka yi kiran isha'i a wani masallaci wanda ban gane ta wace fuska yake ba, har turba ta ƙare ban sani ba, har takalmina ɗaya ya zauna a wani rami ya ce shi ya gaji.

A karo na ƙarshe na ce sai dai a yi wadda za a yi, na tattara ƙarfin shekara sittin na yi tsalle da hannu biyu. Tsuntsu ya tashi da zagagensa, ni kuwa na faɗa cikin kunya iri biyu a lokaci guda, ta doya da ta idon jama'a. Gama hannuna ya nutse cikin ƙasa har gwiwar hannu, kuma daidai lokacin da na zaro shi riƙe da wani abu mai nauyi, sai fitilu huɗu suka haske ni. 'Yan sintiri ne, waɗanda manoma suka ɗauka saboda an dame su da tonon iri da dare. Babbansu ya ce, "Kai, wane ne nan?" Na ce, "Ni ne, samari, tsuntsu nake bi." Ya haska hannuna ya ce, "Baba, tsuntsun ke nan a hannunka?" Na duba, sai ga irin doya, har ya soma tsiro. Ban taɓa ganin hujja ta tsaya a kan mutum tsayuwar da wannan ta yi a kaina ba, har ni kaina na soma shakkar kaina. Saboda furfurata ba su taɓa ni ba, sai suka sa ni gaba zuwa zauren mai unguwa, wanda ya riga ya shiga gida, aka ce sai da safe. Aka aika wa uwargida, ta aiko da bargo da saƙo cewa tun da kundi na tare da ni, in rubuta sauro ma, ai yana da fikafikai.

Da hantsi zaure ya cika har waje. Mai unguwa, dattijo mai haƙuri, ya sa wani saurayi ya karanta kundina a bainar jama'a don a ji irin aikin da nake yi, sai yaron ya buɗe ya faɗa kan shafin hasbiya: "Gonar bayan rafi, goma sha biyu, masu ƙiba, babu kowa a wurin da asuba. A dawo gobe kafin gari ya waye." Zaure ya ɗauki salati. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsaye ake nufi." Wani daga baya ya ce, "To, ashe ba safiyo ba ne?" Na ce ban taɓa zama safiyo ba, ban kuma taɓa cewa ni shi ne ba. Nan fa shari'a ta rabu biyu, masu doyar da aka tona a gefe guda, masu doyar da aka ba ni kyauta a gefe guda, mai zakara yana tambayar ko zakaransa na da rai, wani kuma yana rantsuwa cewa saboda ni ya sayi dashen kashu arba'in ya kafa cikin dare. Na ga dai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ana cikin wannan hayaniya sai wani tsoho da ke zaune bakin ƙofa, mai baƙar riga da jakar fata a kafaɗa, ya yi tari sau biyu. Tsigar jikina ta tashi, don na san tarin nan, yana shafi na talatin da ɗaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake shi, wannan ba ɓarawo ba ne. Ɓarawo yana da wayo." Sa'an nan ya zura hannu cikin jaka ya fito da kan burtu, busasshe, an ɗaura shi a kan lanƙwasasshen itace an naɗe da fata, an jera masa jajayen ƙwayoyin idon zakara, ga igiyar da ake ɗaurawa a goshi. Ya ce, "Da sanyin nan na kwana biyu ina bin wasu zabi, na sa kan nan na rufa da baƙin zane ina rarrafe, sai bawan Allahn nan ya biyo ni da ciki yana rubutu tun hantsi har rana ta take. Na yi masa tari don ya gane mutum ne ya koma, sai na ga ya ƙara rubutu. Da zabi suka shigo hannu, sai ya tashi ya yi ihu ya tuɓe riga." Mai unguwa ya sa aka nemo shafin, saurayin nan ya karanta siffofi bakwai ɗaya bayan ɗaya, da murya irin ta mai karanta wasiƙar sarki, da ya kai wurin zuhudu da azumin nafila, limamin unguwa da kansa sai da aka riƙe shi.

Da dariya ta lafa, mai unguwa ya tambaye ni abin da na bi daren jiya, na siffanta masa sarkin tsuntsaye da zagagensa. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Malam, yautai ka bi. Abin da ka ga yana binsa gashinsa ne, ɗaya a kowane fiffike, dogon tsinke ne ya fi jikinsa tsawo, sai a can ƙarshe yake da faɗi, shi ya sa da duhu ba ka ganin tsinken sai ka ce wasu tsuntsaye ne. Namiji ne kaɗai ke yinsa, lokacin neman aure, in lokacin ya wuce ya zubar. Ba ya sheƙa, a ƙasa macen ke ajiye ƙwai. Halinsa ke nan ya bar ka ka matso ya ƙara gaba. Ko yaran goye sun san mai bin yautai ba ya kwana gida." Mai unguwa ya yanke hukunci: in biya kunya goma sha huɗu da na tattake, in mayar da doya da riɗi ga masu su, zakara kuwa tun da ya riga ya shiga tukunya a biya kuɗinsa, mai kashu ya riƙe kashunsa zai ci amfaninsa nan gaba, sa'an nan ya ƙara da sharaɗi cewa kada a sake ganina a daji sai tare da tsohon nan. Na ce na ji na karɓa.

Yau kusan shekara guda ke nan ina ɗaukar karatu a wurin Baba maharbi, ina riƙe masa jaka kamar kowane almajiri, kuma na tabbatar da abin da malamai suka daɗe suna faɗa, cewa wanda littafi kaɗai ne shaihinsa kurensa ya fi daidansa yawa. Shi ya koya mini in zauna shiru in saurara kafin in duba, don sau da yawa kunne ke riga ido gane tsuntsu. Ya nuna mini kogon itacen da macen cilakowa ta liƙe kanta a ciki ta bar 'yar tsaga, namiji na kawo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Ya nuna mini carki a bayan sa yana cire kaska, ya ce in na ga shamuwa sun soma ratsawa arewa in gaya wa uwargida ta gyara rufin ɗaki. Littafin ma bai tashi a banza ba, gama ranar da Baba ya ce hankaka satar 'ya'yan wasu yake yi, shi ya sa ake masa kirari da mai da ɗan wani naka, na buɗe masa shafin wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da ke zuwa ya saka ƙwansa a sheƙar hankaka ya tafi ya bar shi da reno. Ya daɗe yana duban hoton, ya ce ya san tsuntsun, bai san aikinsa ke nan ba, ashe an daɗe ana zaluntar hankaka. Ran nan na koma gida da tafiyar hedimasta.

Shafi na talatin da ɗaya ban yage shi ba, na dai ja masa jan layi na rubuta a ƙasa: kama da wane ba wane ba ne. Burtu na gaske kuwa har yau ban sa shi a ido ba. Baba ya ce ya yi ƙaranci a kusa da gari, sai dai in Allah ya kai mu rani mu nufi dajin Pandam mu gwada sa'a. Kai kuma mai karatu, in sha'awar wannan aiki ta kama ka, ina yi maka wasiyya da abu uku: ka gaya wa mai gona abin da ya kawo ka kafin ka ɗaga madubi, kada ka bi yautai bayan magariba, in kuma ka ga burtu shi kaɗai a daji, ka fara yi masa sallama, in ya amsa, ka rufe kundinka ka koma gida.